Baje Kolin Furanni na Chelsea: Akwai Kallo, Amma Sai Mai Ƙafa da Haƙuri

Tun da na dawo Kano ake tambayata ko baje kolin furanni na Chelsea ya cancanci kuɗin da ake zubawa kafin a shiga. Ya cancanta, sai dai ba don lambunan nan da ake yaɗa hotunansu a Facebook ba. Ni abin da ya biya ni kuɗina yana cikin babbar rumfa, wajen masu rainon tsiro.

Ƙungiyar masu lambu ta Ingila, RHS, ce ke shirya shi duk shekara a watan Mayu a Landan, a harabar gidan tsofaffin sojoji na Chelsea, inda ake yin sa tun 1913. Za ka ga tsofaffin da kansu suna zagayawa cikin jajayen kwat ɗinsu, mutane na roƙon hoto da su. ('Yan ƙwallo kada ku ɗaga kunne, ba ruwan wannan taro da kulob ɗinku.) Kwana 5 ake yi, Talata zuwa Asabar, kuma kwana 2 na farko na 'yan ƙungiya ne. Tikiti sai an saya tun da wuri ta intanet. Na yini guda ya haura fam 100, wanda in ka juya shi zuwa naira sai ka yi salati. Akwai mai rahusa ga wanda zai shiga da yamma. Ƙanwata da ke aure a can ita ta saya mana, don ta san ni da ɗawainiyar 'yan shuke-shuke a tsakar gida.

Daga tashar jirgin ƙasa ta Sloane Square ba ka bukatar tambayar hanya, bin ayari kawai za ka yi. Mutum wajen 150,000 ne ke shiga cikin kwanakin nan, kuma filin ba wani faɗi gare shi ba. Da hantsi babban titin da aka jera manyan lambuna a gefensa ya zama Kantin Kwari ana jajiberin sallah, illa dai nan ba mai ɗaga murya. Turawa sun iya turereniya cikin ladabi: mutum zai taka ka, ya ba ka haƙuri, ya kuma tsaya daidai inda kake son tsayawa.

Manyan lambunan ba a shiga cikinsu. Igiya aka ja, kana daga waje, gabanka sahu uku ko huɗu na mutane, kowa ya ɗaga waya sama. Sai ka yi ta matsawa kaɗan-kaɗan har ka kai bakin igiya, ka kalla na ɗan lokaci, na bayanka na numfashi a ƙeyarka. Aikin kam ya yi, ba ƙarya. Cikin kusan mako 3 ake kawo ƙasa da duwatsu da manyan bishiyoyi a haɗa wuri ya zama kamar ya shekara ashirin a haka. A wani lambun na ga an bi gindin katanga an liƙa gansakuka da hannu don ta yi kama da tsohuwa, har da busassun ganye da aka watsa a ƙasa da gangan. Alƙalai na bi suna ba da lambar yabo, daga zinare zuwa tagulla, ana kafa katin a gaban lambun. Amma duk wannan ado na kwana 5 ne. Ana tashi a tuge komai, ko da yake yanzu ana mayar da yawancinsu wasu wurare, kamar asibitoci da makarantu. Mai gida a Kano, wanda ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa ko yake lallaɓa burtsatse, kallo kawai zai yi ya wuce.

Babbar rumfar ita ce wurin zama. Faɗinta ya kusa eka 3, kuma ko'ina masu gandun raino ne, kowanne da abin da ya ƙware a kai: wannan wardi kaɗai, wancan dangin albasa masu fure, wani kuma tsiron da ke cin ƙwari. Ƙanshi na dukanka tun daga ƙofa. Nan ma akwai cunkoso, amma kana kai hancinka kan fure, kuma mai kayan na tsaye yana amsa tambaya. Rumfar Afirka ta Kudu da furenta na protea, mai girman faranti, ta tara jama'a sosai.

Can gefe, wajen masu tsiron sahara, na ci karo da 'yan gida. Ƙariya ce a cikin 'yar tukunya, da kumburarren gindinta da jan furenta, an rubuta mata suna Adenium, an kewaye ta da tsakuwa mai sheƙi. Kusa da ita ga moɗa, wadda a ƙauyukanmu ba a ko waiwayarta. Ƙanwata ta duba farashin ta ce, "Yaya, ashe dukiya muke takawa a hanyar gona." Na tsaya hira da dattijon da ke rainonsu, na gaya masa daga inda na fito, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Sai ya ce shi wutar lantarki yake ƙonawa duk hunturu don ya sama musu abin da Allah ya ba mu kyauta. Ya nuna min haɗin ƙasarsa, ya damtso ya buɗe hannu, ta warwatse ba ta dunƙule ba: yashi mai gari-gari da tsakuwa sun fi ƙasar yawa. Ya ce yawan ban ruwa ne ke kashe ƙariya, gindin ya ruɓe daga ciki, kuma idan ta zubar da ganye lokacin sanyi a ƙyale ta, hutawa take yi. Wannan hira ta fi min duk lambunan zinaren amfani, don masu sayar da fulawa na gefen titi a Nasarawa da baƙar ƙasa mai riƙe ruwa suke cika leda, ko mene ne a ciki.

Wanda zai sayi iri ya yi hattara da kwaɗayin ido. Tulip da peony suna bukatar sanyi mai tsanani na makonni kafin su yi fure, hunturunmu bai kai ba. Zinnia da marigold da furen rana kuwa suna yi a Kano ba gardama, su na saya a 'yan fakiti. Tsiro mai rai da ƙasarsa ba a ratsa iyaka da shi sai da takardar shaidar lafiyarsa, saboda haka ranar Asabar da ƙarfe 4, lokacin da ake kaɗa ƙararrawa a fara gwanjon kayan baje kolin, mu baƙi 'yan kallo ne.

Abinci a ciki da tsada, layi da tsawo, kuma giya ta yi yawa a hannun mutane, abin da ba ya yi wa irinmu daɗi. Mun tafi da guzurinmu, muka ci a kan ciyawa saboda kujeru duk an cinye. Salla kuwa mun haɗa azahar da la'asar bayan mun fito, tunda a watan Mayu rana ba ta faɗuwa a Landan sai wajen ƙarfe 9. A sa takalmi mara tsini, a riƙe rigar ruwa. Ba a shiga da yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu goyo su sani.

Idan da tsoho za ka je, ko mai ciwon gwiwa, ko kuma kai mutum ne da taro ke sa wa ciwon kai, ka bar Chelsea ka tafi lambun Kew, wanda ya haura eka 300, yana buɗe kusan duk shekara, kuɗin shigarsa kuma bai kama ƙafar wannan ba. A makon baje kolin shagunan da ke kewayen Sloane Square ma suna ƙawata ƙofofinsu da furanni, wannan kallon kyauta ne. In kuwa ka riga ka sayi tikiti, ka isa ƙofa kafin ƙarfe 8 na safe, ka gama da manyan lambuna kafin ayari ya iso, sauran yinin ka ƙarar da shi a rumfa, da tambayoyinka a rubuce.