Kantar da ta ƙi bin layi a wani shagon kafintoci na Panteka

A kasuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, akwai wani shagon kafintoci da ya kauce wa abin da masu sayen kayan ɗaki suka saba gani, wato kujerun sarauta masu ruwan zinariya irin na Turkiyya, ko kuma fararen kayan nan da ba su da ado ko kaɗan. Abin da ya fi jan ido a shagon wata kanta ce ta jera littattafai da kwanuka, wadda rassanta suka karkace hagu da dama, an lulluɓe su da fomeka ja da shuɗi da ruwan ɗorawa.

Wannan salo yana da asali. Makarantar koyon zane da tsara gine-gine ta Bauhaus da aka buɗe a Jamus a 1919 ta yaɗa ra'ayin cewa amfanin kaya shi ne kyansa, don haka aka kori ado daga kujera da tebur. Da aka gaji da wannan tsauri, sai ƙungiyar masu tsara kayan ɗaki ta Memphis, ƙarƙashin mai zane ɗan Italiya Ettore Sottsass, ta baje kolinta a Milan a 1981, da kaya masu launi barkatai da siffofi irin na wasan yara. Kantar Panteka jikar shahararriyar kantar Sottsass ce mai suna Carlton, sai dai maigidan shagon ya ƙara mata dagin Arewa a ƙofofin ƙasa, kuma a ganina nan ne ya yi basira, domin idon da ya saba da jeren ɗakin amarya da zanen bangon gidajen birnin Zariya bai taɓa yarda cewa ado laifi ba ne.

Inda nake da ƙorafi shi ne katakon. Da allon MDF, wato wanda ake haɗawa da garin katako da gam, aka yi ta har ƙasa, alhali wannan allo yana kumbura da zarar ya sha ruwa, ko na gugar ɗaki ko damshin damina, kuma bakin fomekar ya fara ɗagowa a wadda aka ajiye don nuni. Rassan ma matattarar ƙurar hunturu ce.

Duk wanda zai ba da aiki ya nemi a yi masa ƙafafun da madaci, ko da kuɗin zai ƙaru, sannan a ɗaure kantar a jikin bango, musamman a gidan da ke da ƙananan yara.