Asibitin da ya yi wa Duna aiki, da yaron da suka turo min gida

Wata biyu ke nan da Keke Napep ta take wa karenmu Duna ƙafar baya a ƙofar gidanmu a Malali, nan Kaduna. Shekara shida yana mana gadi, ko kaza ba a taɓa ɗauke mana ba, don haka da maƙwabta suka fara cewa wai kare ne fa, ban tanka wa kowa ba, na sa shi a bayan mota sai asibitin dabbobin nan mai zaman kansa. Kuɗinsu kun san shi, ba sai na faɗa ba.

Aikin kansa ba ni da ta cewa. Sun ɗauki hoto, likita ya nuna min inda ƙashin cinyar ya rabu biyu, ya ce kada a ba shi abinci tun dare saboda allurar barci, washegari suka sa ƙarfe suka ɗinke. Na ƙara biyan abin da suke kira kulawar gida: yaronsu zai riƙa zuwa safe da yamma har kwana 14, ranar cire zare. Zai duba ɗinki, ya ba da magani, ya fitar da Duna waje. Fitar ma ta minti biyar ce, da gajeriyar igiya, a kan ƙasa don tayil na da santsi. Ana zagaya tawul ta ƙarƙashin cikinsa a ɗan ɗage bayan, ya yi fitsari da kashi, a mayar da shi keji.

Rana ta shida ce ta sa nake wannan rubutun. Da yamma yaron ya cire wa Duna robar wuyan nan mai kama da mazurari don ya sha ruwa, aka kira shi a waya, ya fice ya bar ta a kife kan bokiti. Ni ban sani ba. Da asuba zan tafi masallaci na ji ana lasa, lasa, ba tsayawa. Na haska tocila. Ɗinki huɗu sun tafi, naman ya buɗe jawur, jini ya bushe a kan kwalin da yake kwance, shi kuwa ya ɗago yana kallona yana kaɗa jela. Wallahi sai da gwiwata ta yi sanyi. Watan Agusta ne, ƙuda ko'ina, kuma duk wanda ya taɓa kiwo ya san idan ƙuda ya samu ciwo a buɗe da damina, kafin ka ankara tsutsa ta shiga.

Na kira likitan ƙarfe biyar da rabi, na faɗi maganganun da ban saba faɗa ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Alhaji, laifinmu ne. Kada a zuba masa komai, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a mayar masa da robar, ga ni nan." Kafin bakwai ya iso a kan babur, rigarsa sharkaf da ruwan sama. Ya durƙusa a tsakar gida ya wanke ciwon, ya yi allura, ya sake ɗinkewa, hannunsa ko rawa. Ya hango diclofenac, maganin ciwon jiki na mutane, da wani maƙwabci ya kawo a kan taga, ya ɗauke da kansa, ya ce wannan da ibuprofen suna cinye wa kare ciki su lalata ƙoda. Ko sisi bai karɓa ba. Da yamma ya dawo da yaron ya ba ni haƙuri, yaron har da ƙwalla.

A ranar da an tambaye ni, da na ce babu kamarsu. Amma yanzu da nake tuna abin daki-daki raina yana sake ɓaci. Robar da suka sayar min tun farko gajera ce, hancinsa na leƙowa, alhali dole ta wuce tsinin hanci kafin ta hana lasa. Likitan da bakinsa ya faɗa da safen nan, ya canza ta. To wa ya ɗaura masa ta farkon? Sannan cikin kwana 14 ɗin, sau uku yaron bai zo da yamma ba, ni da ɗana muka riƙe tawul, kuma har yau ba wanda ya yi zancen mayar da kuɗin. Ranar hoton mako na shida kuwa awa uku muka yi a benci, Duna na haki a ƙasa.

In aikin ƙashi ne, hannun likitan nan zan sake nema. Kulawar gida kam ba zan ƙara biya ba, duk abin da yaron ke yi na iya. Duna yanzu yana kai minti ashirin yana tafiya, yana ɗan ɗingishi idan ya tashi daga kwance. Ranar Litinin za mu koma a duba maganar cire ƙarfen, kuma rasit ɗin kwana ukun nan yana aljihuna.