Sharhi a kan RAM ɗin DDR4 mai gigabait 16 da na ƙara wa kwamfutata

Na sayi wannan RAM ne, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a cikinta, saboda aikin tace bidiyo ya fara fin ƙarfin gigabait 16 ɗin da ke cikin kwamfutar teburina. Sanduna biyu ne, kowace gigabait 8, masu gudun 3200, kuma lambar samfurin da ke jikin kwalin daidai take harafi da harafi da ta waɗanda ke ciki tun farko. Da na danna su a guraben da suka rage, kwamfutar ta tashi lafiya lau, ta nuna gigabait 32, aikin kuma ya yi sauƙi nan take.

Daɗin bai je ko'ina ba. Ina tsaka da aiki sai allon ya rikiɗe ya koma shuɗi da saƙon MEMORY_MANAGEMENT, wani lokacin kuma IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, sannan kwamfutar ta sake tashi da kanta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba sai ana aiki mai nauyi take yin haka ba, ko wasiƙa nake rubutawa tana iya ɗaukewa, kuma wani babban fayil da na matse domin ajiya ya ƙi buɗuwa daga baya. Na ɗora MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM, a filas na bar shi yana gwaji, bai yi nisa ba jajayen layuka suka fara jeruwa a ƙasan allo. Na cire tsofaffin sandunan, na bar sababbin kaɗai a gurbi na biyu da na huɗu kamar yadda littafin madabod, wato babban farantin da ake haɗa sassan kwamfuta a kansa, ya tanada, gwajin ya kammala babu kuskure ko ɗaya. Tsofaffin ma haka. Amma da zarar an haɗa huɗun, sai matsalar ta dawo sabuwa fil.

Manhajar CPU-Z, mai nuna bayanan kayan cikin kwamfuta, ita ce ta tona asirin. Suna ɗaya, launi ɗaya, lamba ɗaya, amma ƙwayoyin ajiyar da ke ƙarƙashin murfin ƙarfen tsofaffin sandunan da na sababbin ba kamfani ɗaya ne ya ƙera su ba. Yawancin masu sayar da RAM sayen ƙwayoyin suke yi daga Samsung ko SK Hynix ko Micron, kuma suna iya sauya inda suke saye ba tare da sun sauya lambar samfurin ba. Ga shi kuma gudun 3200 ɗin nan ba ya samuwa sai an shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, an kunna XMP, saitin ƙara gudun RAM, wanda ke ɗaga wutar daga bolt 1.2 zuwa 1.35, alhali sashen da ke sarrafa RAM a cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya fi shan wahala da sanduna huɗu fiye da biyu. Da na kashe XMP gudun ya sauka zuwa 2133, komai ya daidaita. Daga baya na ɗaga shi da hannu zuwa 2933, ya zauna daram.

A wannan gaɓar na sauko, domin kayan ba su da lahani a karan kansu, kuma gigabait 32 ɗin na aiki. Sai dai amsar da sashen kula da abokan ciniki ya ba ni ta sake tayar mini da haushi: wai tabbacin gudun 3200 ya shafi sandunan da aka sayar a kwali guda ne kawai, ba a haɗa su da wasu. Idan haka ne, me ya hana a rubuta shi ɓaro-ɓaro a bayanin kayan, inda aka cika wuri da yabon fitilu masu launi? Da na ga wannan sharaɗi, da sanduna biyu masu gigabait 16 kowace zan saya a kwali guda, in duba jerin RAM ɗin da aka gwada da madabod ɗina kafin in biya. Yanzu kuɗin 3200 na biya, 2933 nake amfani da shi, fayil ɗin da ya lalace kuma babu wanda zai dawo mini da shi.