Minti shida na Turanci a kunnena

Wata uku ke nan ina sauraron shirin 6 Minute English na sashen koyar da Turanci na BBC, kuma gaskiya ya shiga raina. A wurin aiki muna taro ta intanet da wani Bajamushe da wata 'yar Indiya da wani ɗan Brazil. Babu wanda ya tashi da Turanci a cikinmu, amma da shi muke magana duka. Karatu ba ya ba ni wuya, ji ne matsalata.

A shirin, mutum biyu ne ke hira kan wani batu, kamar barci ko sauyin yanayi. Da farko ɗaya ya jefa wa ɗayan tambaya, amsa sai ƙarshe, sannan a maimaita sababbin kalmomin. Nakan saurara sau ɗaya ido rufe, na biyu ina bin rubutun hirar da yatsa, ina tsayawa duk inda suka haɗiye harafin "r". Kyauta ne kuma. Tun 1943 BBC ke koyar da Turanci ta rediyo, hannunsu ya faɗa.

Sai dai lafazin Ingila ya fi yawa, kuma shirin ba na sabon shiga ba ne. Abokiyar aikina 'yar Indiya, har yanzu sai na ce ta maimaita.