Kafin a Sayi Na'urar Sanyaya Ɗaki a Gombe

Wanda zai sayi iyakwandishan a Gombe, inda zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40, ya kamata ya fara duba wutar da na'urar za ta ci kafin ya tambayi farashinta. Tun da hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta kai kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, abin da mita ke cinyewa cikin 'yan shekaru yana iya zarce kuɗin sayen na'urar.

Iyakwandishan ba ya ƙirƙirar sanyi. Zafin ɗaki yake kwasa ya fitar waje, shi ya sa yunit ɗaya na wuta kan iya fitar da zafi ninki uku. Bambancin nau'o'insa yana wajen kwamfuresa, wato injin da ke matsa iskar gas ɗin da ke kwashe zafin. Na gargajiya yana tashi da cikakken ƙarfi, ya mutu, ya sake tashi, kuma kowane tashi yana fizgar wuta sosai, abin da kan durƙusar da ƙaramin janareta. Mai inbata kuwa yana tashi a hankali, ya rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi, saboda haka ya fi dacewa da sola da batir. Aibinsa shi ne tsada, sannan allon lantarkinsa ba ya jure hawa da saukar wuta, kuma ba kowane mai gyara ne ya iya shi ba. A ganina duk da haka shi ya fi, muddin aka haɗa shi da sitabilaiza. Wanda zai kunna na sa'a ɗaya ko biyu kawai a rana, na gargajiya ya ishe shi.

A guji tsofaffin na'urori 'yan gwanjo masu iskar R22, wadda ake janyewa ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare sararin samaniya. A nemi masu iskar R32 ko R410A.

Akwai kuma kula, wato na'urar hura iska mai sanyi da ke aiki da ruwa, wadda wutar da take ci ba ta wuce ta babbar fanka da yawa ba. Tana amfani a busasshiyar iskar bazara, amma da damina ta kankama sai ta ƙara wa ɗaki gumi.

Ɗakin da ba shi da silin, kwano na gasa shi tun hantsi, zai gajiyar da kowace na'ura, don haka a fara gyara rufi. Da hunturu kuma a riƙa wanke matatar iska akai-akai, domin ƙura na toshe ta.