Division ko Zone: ina PLC zai zauna a tashar gas?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya. An kawo musu PLC, wato ƙwaƙwalwar da ke kunna famfuna da bawul-bawul, za su kafa a tashar ɗura gas ɗin girki. Allon da ke jikinsa ya ce Class I Division 2, zanen tashar kuwa Zone 1 da Zone 2 yake nunawa. Shin duk ɗaya ne, kuma a ina za a ajiye shi?

Injiniya, ba ɗaya ba ne, ko da yake suna kusa. Dukansu wurin suke aunawa tukuna, kafin a zo kan na'ura: me zai iya kamawa da wuta a nan, kuma sau nawa yake samuwa a iska?

Tsarin Division na Amurka ne, yana cikin dokar wayarin ɗinsu ta NEC, sashe na 500. Class I gas ne da tururin mai, Class II ƙura, Class III zaruruwa irin na auduga. Sai ya raba haɗarin biyu kawai. Division 1 shi ne inda gas ke iya samuwa ko da komai na tafiya daidai, Division 2 kuma inda ba ya fitowa sai wani abu ya lalace, kamar bututu ya yi yoyo. Tsarin Zone na hukumar ƙasa da ƙasa ta IEC ne, ƙarƙashin ƙa'idar 60079, shi Turai ke bi da dokar ATEX, kuma uku ya raba. Zone 0 gas na nan kusan kullum, kamar cikin tankin fetur a saman mai. Zone 1 yakan zo jefi-jefi ana cikin aiki. Zone 2 ba a sa ransa, in ma ya zo ba ya daɗewa. Masu zane kan yi ƙiyasi da awoyi: sama da 1,000 a shekara Zone 0, tsakanin 10 da 1,000 Zone 1, ƙasa da 10 Zone 2. Ƙura, irin ta kamfanin fulawa, tana da nata: 20 da 21 da 22.

In ka jera su, Division 2 da Zone 2 kusan tagwaye ne, Division 1 kuwa ya haɗiye Zone 0 da Zone 1 gaba ɗaya. A ganina nan Zone ya fi, domin ba ya tilasta maka sayen kayan cikin tanki don wurin da gas ke leƙowa lokaci-lokaci. Amurkawan ma sun shigar da shi dokarsu a 1996, a sashe na 505.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne rukunin gas, saboda jerin a juye yake. A Amurka rukunin A shi ne mafi haɗari, wato asitilin na masu walda, B haidurojin, C etilin, D furofen. A IEC kuwa IIA ne furofen, IIB etilin, IIC haidurojin da asitilin. Wanda ya ga IIA ya ɗauka rukunin A ne, ya kai na'urar furofen wurin asitilin ke nan. Kai naka da sauƙi, gas ɗin girki D ne ko IIA. Kan zafin jikin na'ura kuwa bakinsu ɗaya, daga T1 mai digiri 450 zuwa T6 mai 85. Yawancin PLC T4 ne, digiri 135, ya wadatar da furofen da butan da ke cikin gas ɗin girki.

To ina zai zauna? PLC na yau da kullum, irin S7-1500 na Siemens ko ControlLogix na Allen-Bradley, iyakarsa Division 2 ko Zone 2. Kada ya taka Zone 1, kuma a tasha irin taku bakin ɗura silinda galibi can yake. Ka lura da ramuka da kwatocin waya ma, domin wannan gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Tun da zanenku na Zone ne, ka sake duba allon ko takardar shaidarsa, ka nemi wani abu kamar II 3 G Ex ec IIC T4 Gc (tsofaffi Ex nA suke rubutawa). Da yawa suna ɗauke da tambarin biyu. In babu, kada ka fassara da ido, ka nemi mai lambar ATEX ko IECEx, wato shaidar IEC.

Ko a Zone 2 ɗin da sharaɗi. In lambar takardar ta ƙare da X, akwai ƙa'idoji na musamman, kuma kusan kullum ciki har da sa shi a akwati mai IP54 ko sama, wato ma'aunin kariya daga ƙura da ruwa. Ba a zare modul ko waya da wuta a jiki sai an tabbatar babu gas, don tartsatsin nan kaɗai ya isa. Sai abin da ya fi shafarmu: in allon bai faɗi zafin muhalli ba, an gwada na'urar ne daga digiri 20 ƙasa da sifili zuwa 40. A Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu inuwa ma ta wuce haka, balle akwatin ƙarfe da rana ke duka. T4 ɗin da kake dogara da shi ba ya aiki a wajen iyakar da aka rubuta.

Ni dai da ni ne, ɗakin sarrafawa zan kai shi, nesa da duk wani Zone, in bar wayoyin na'urorin awo kaɗai su shiga fili ta cikin shingen Ex i, wanda ke rage wutar har ta kasa kunna gas: nau'in ia har Zone 0, nau'in ib Zone 1. In tazara ta yi yawa, akwai tashoshin karɓar sigina da aka gina don Zone 1, irin ET 200iSP. Akwatin Ex d mai jure fashewa da na Ex p da ake hura wa iska mai tsabta suna nan, amma na farko nauyi da tsada, kuma yana riƙe zafi, na biyu kuwa in kwamfaresa ta tsaya kariyar ta tafi. Da yadda wuta take a wajenmu, ka tambayi kanka sau nawa za ta tsaya a mako kafin ka sa hannu a kan Ex p.