Ɗakin gungumen Drake ko Indian Queen: wacce za ka fara saye?

Ɗan'uwa, ka ce kuɗin kwalba guda kake da shi, kuma ka rasa ta zaɓa tsakanin ta Drake's Plantation Bitters mai siffar ɗakin gungume da ta Brown's Celebrated Indian Herb Bitters, wadda masu tara tsoffin kwalabe ke kira Indian Queen. Ni dai Drake zan ce maka, amma bari ka ji dalili.

Duk biyun 'yan zamani ɗaya ne a Amurka. Lokacin yaƙin basasa, a 1862, gwamnati ta ɗora wa barasa haraji mai nauyi, na magani kuwa bai kai haka ba. Sai 'yan kasuwa suka riƙa jiƙa saiwoyi da ɓawon itace masu ɗaci a cikin barasa, suna sayarwa da sunan maganin ciki. Da masu sayarwa suka yi yawa, kowa ya nemi kwalbar da za ta ja ido a kan kanta: wani kifi, wani zangarniyar masara, wani ma alade. Kasuwar ta fara mutuwa bayan dokar abinci da magunguna ta 1906, wadda ta tilasta a rubuta barasar da ke ciki. Yau dai kwalaben wofi ake tarawa, kada wani ya ɗaga gira.

Patrick Henry Drake ya yi wa siffar kwalbarsa rajista a 1862, a New York yake kasuwanci, abin da ke ciki kuma barasar rake ce daga tsibirin St. Croix. Tsayinta wajen inci 10 ne, kusurwa huɗu, kafaɗunta rufin ɗaki ne, jikinta gungume kan gungume. Masu tarawa suna ƙirga gungumen da ke saman gurbin takardar suna: mai huɗu da mai shida su ne aka fi gani. Mutumin ya sayar da ita tamkar ruwa, shi ya sa har gobe ake tono ta a tsoffin juji da ramukan masai na gidajen wancan ƙarni. Mai launin ruwan zuma ba ta da wuyar samu, kuma kuɗinta bai cika wuce dala ɗari ko ɗari biyu ba.

To ina daɗin tara abin da kowa ke da shi? Launi. Ko a mazubi ɗaya aka yi su, narkakken gilashin kowace rana da irin nasa, don haka za ka ga mai ruwan zuma mai duhu, mai ɗorawa-ɗorawa, mai ja da ya karkata zuwa shunayya, da koriya wadda ke kai dubban daloli a gwanjo. Ka ɗaga ta a hasken taga da hantsi, ka dubi kusurwoyin rufin inda gilashin ya fi siranta. Nan ainihin launin yake fitowa, nan kuma tsaga ta fi ɓuya. Wanda ya saba da wannan kallon a kan kwalba mai araha, da wuya mai hoton da aka ƙara wa haske a intanet ya yi masa wayo.

Indian Queen kuwa ta Neal Brown ce ta Philadelphia, ana ganin 1867 ko 1868 a jikinta. Tsayinta wajen inci 12, mace ce 'yar asalin Amurka a tsaye riƙe da garkuwa, sunan maganin a kan garkuwar, bakin kwalbar a tsakar kanta. A kyau ta fi Drake, babu gardama. Wasu ma har yanzu da sauran fentin ruwan zinare a jikinsu, kuma kada ka kuskura ka wanke shi. Sai dai ko mai ruwan zuma ta kan ninka kuɗin Drake sau da dama, sannan siffarta cike take da wuraren rauni. Bakin yanke shi aka yi, ba ɗora masa leɓe mai kauri ba kamar na Drake, saboda haka yawanci za ka tarar ya ɗan ɓantare. Wani mai sayarwa sai ya goge wurin ya yi shiru. An kuma yi kwaikwayonta daga baya don ado, kuma sabon shiga ba ya saurin rarrabewa a hoto.

Wajen sake sayarwa, Indian Queen marar aibi ba ta kwantai. Drake mai ruwan zuma kuwa kada ka sa ran riba, kuɗinka dai za ka iya mayarwa.

In ka tsaya kan Drake, ka nemi hoton gindinta da na kusurwoyin rufin huɗu, ka tambaya ko tono ta aka yi aka goge da inji, don gogewa mai yawa tana cinye kaifin rubutun da ke kan rufin. Layin mazubi ya ɓace kafin ya kai leɓe, domin da hannu aka ɗora leɓen bayan an fitar da ita. In ka ga layin ya haura har saman baki, aikin inji ne na ƙarni na 20, ka bar musu kayansu.